Murya Cikin Hayaniya: Yadda Masu Rediyon Sha'awa Ke Gyara Magana Kafin Su Sake Ta a Iska



Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo a gajeren zango yana neman labarun safe a mita 41, watakila hannunsa ya taɓa zarcewa ƙasa kaɗan, tsakanin kilohaz 7000 da 7200, ya ci karo da wata irin murya. Ka san mutum ne ke magana, amma ko kalma ɗaya ba ka iya tsinta. Su masu abin da kansu kukan agwagwa suke ce mata.

[A saka sautin, daƙiƙa goma.]

Rediyonka lafiyarsa ƙalau. Waɗannan masu rediyon sha'awa ne, mutanen da suka karɓi lasisi daga hukumar ƙasarsu suna hira da takwarorinsu na duniya daga ɗakinsu, ba don kuɗi ba. Kowa da lambar kiransa, kuma farkon lambar ke nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Hanyar da suke aika muryar ita ake kira SSB, wato watsa magana ta gefe guda. Da ita kuma matuƙan jiragen sama ke magana da masu kula da sararin samaniya idan sun yi nisa a kan Sahara ko teku. Rediyon da ke da maɓallin SSB ko BFO, ana taɓa shi sai agwagwar ta koma mutum.

[A sake saka sautin, wannan karon a daidaice.]

To, me ya sa gefe guda?

Tashoshin da muka saba ji a gajeren zango da matsakaicin zango tsarin AM suke bi. Na'urar watsawa tana fitar da wata igiya mai ƙarfi wadda ba ta ɗauke da magana ko kaɗan. Mu kira ta igiyar dako. Idan aka ɗora mata murya sai gefe biyu su tsiro, ɗaya sama da ita, ɗaya ƙasa, kowanne ɗauke da maganar gaba ɗayanta. Ga lissafin. Igiyar dako mai wat 100, in aka cika ta da sauti iya cikawa, abin da ke fita wat 150 ne: 100 na dako, 25 gefen sama, 25 gefen ƙasa. Ka ƙona wat 150 ke nan don isar da saƙon da wat 25 ya riga ya ɗauka. Wani injiniyan kamfanin tarho na AT&T a Amurka, John Carson, shi ya nemi rajistar dabarar zubar da dakon da gefe ɗaya a 1915. A watan Janairun 1927 aka buɗe layin tarho na rediyo tsakanin New York da Landan da wannan tsari. Masu rediyon sha'awa sun rungume shi sosai ne bayan 1947, lokacin da Oswald Villard ya fara watsa shi daga tashar Jami'ar Stanford. Ba a cika shekara goma ba Janar Curtis LeMay, wanda shi ma ɗan sha'awar ne, ya sa aka gwada na'urorin kamfanin Collins a jiragen yaƙin Amurka masu dogon zango, rundunarsa ta koma kansa.

Riba biyu aka samu. Ƙarfin duka ya tafi ga magana, sannan filin da murya ke ci a iska ya ragu daga kilohaz 6 zuwa ƙasa da 3. Mai karɓa ma sai ya tsuke ƙofar rediyonsa, rabin hayaniyar ta tsaya a waje. Al'adar da aka gada ita ce, ƙasa da megahaz 10, kamar a mita 40 da mita 80, gefen ƙasa ake amfani da shi. Sama da haka, kamar a mita 20 da 15 da 10, gefen sama.

Amma tun da aka cire dako, wata matsala ta bayyana, kuma ita ce maganarmu ta yau. A SSB, in ka yi shiru babu abin da ke fita daga eriya. Ka yi magana a hankali, kaɗan ya fita. Ka ɗaga murya, da yawa ya fita. Rediyon da aka rubuta wa wat 100 a jiki, wannan adadin shi ne ƙololuwar da zai iya kaiwa cikin ƙiftawar ido. Muryar ɗan Adam kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tsini gare ta nan da can, tsakaninsu kuma kwari. Idan ka daidaita rediyo yadda tsinin muryarka zai taɓa wat 100 daidai, matsakaicin abin da kake fitarwa sau da yawa ba ya wuce wat 10 zuwa 20. Wanda ke can Birazil ko Jamus yana kasa kunne cikin shuuu da tsatsatsar walƙiya, wannan matsakaicin ne ke isa gare shi.

A ɗauka motar kaya ce za ta shige ta ƙarƙashin ƙofar gari. Ƙofar ba ruwanta da nauyin kaya, tsayi kawai ta sani. In akwai gora guda da ta yi tsini sama, ita kaɗai za ta hana ka ƙara lodi, ko da rabin motar fanko ne. Ko dai ka kwantar da gorar, ko ka sare kanta, sannan ka cika motar. Duk na'urorin gyaran murya da za mu ambata, ɗayan biyun nan suke yi.

Kafin nan, mu tambayi kanmu: a cikin magana, mene ne gorar, mene ne kayan da ake son kaiwa? Wannan tambaya masana a ɗakunan binciken Bell, irin su Harvey Fletcher, sun daɗe suna auna ta tun shekarun 1920, don kamfanin tarho na son sanin abin da zai iya zubarwa ba tare da mutane sun daina fahimtar juna ba. Abin da suka gano shi ne, ƙarfin murya yana cikin wasula, a, o, u, da kaurin da ke ƙasa. Fahimta kuwa mafi yawanta tana cikin baƙaƙe, t, k, s, sh, f, waɗanda gajeru ne, raunana, kuma suna can sama a sikelin sauti. Tsakanin wasali mafi ƙarfi da baƙi mafi rauni, bambancin ƙarfi ya kai ninki ɗaruruwa. Mai jin Hausa zai gane wannan nan take. Ka ce kasa, ka ce ƙasa, ka ce kasha: wasulan kusan ɗaya ne, su ne kuma ke cinye wutar. Abin da ya raba ma'anar ɗan ƙaramin abu ne, gajere ƙwarai. Shi ne hayaniyar iska ke fara haɗiyewa.

Don haka matakin farko shi ne tacewa. Ana yanke duk abin da ke ƙasa da haz 300 ko kusa da haka, a yanke abin da ya haura 2700 zuwa 3000, sannan a ɗan ɗaga yankin 2000 zuwa 2500, inda kaifin baƙaƙe yake. Bob Heil, wani ɗan Amurka da ya yi suna wajen haɗa wa manyan mawaƙa kayan sauti kafin ya juya ga makirufon masu rediyon sha'awa, a kan wannan ya gina sana'arsa: makirufo mai rage kauri, mai fito da kaifi. Rediyoyin zamani kuma da ikwalaiza a cikinsu, sai dai mutum ya shiga ya daidaita.

Nan wani zai ce, tsaya malam. Ai asalin muryar namiji tana kaɗawa ne tsakanin haz 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255. In an yanke ƙasa da 300, ai an yanke tushen muryar. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka na canza ma'ana. Ina karin zai tafi? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma na cikin abubuwan ban mamaki na halittar kunne. Murya mai kaɗawa 120 ba ita kaɗai take fita ba, tana tafe da ninkinta: 240, 360, 480, 600, har sama. Ko an cire 120 da 240, tazarar da ke tsakanin sauran tana nan, 120 ce, ƙwaƙwalwa kuma daga tazarar take gane tushen, ta mayar da shi da kanta. Shi ya sa kake gane karin maganar mahaifiyarka a tarho, alhali layin tarho na gargajiya daga 300 yake farawa ya tsaya a 3400. Wannan kuma shi ya bayyana kukan agwagwar nan. A SSB, idan mai karɓa ya kauce da haz 200, kowane sauti zai gusa da 200 cif, sai jerin ya daina zama ninkin abu ɗaya, muryar ta fita daga kamar ta mutum.

Akwai asarar da ba makawa. Sautin s da na f mafi yawan abin da ya bambanta su yana sama da 3000, an kuwa yanke wurin. Dalilin da ya sa za ka ji masu rediyon sha'awa ba sa faɗin harafi tsurarsa ke nan. S sai su ce Sierra, F su ce Foxtrot, ɗan Najeriya ya fara lambarsa da Five November. Jerin kalmomin da hukumar jiragen sama ta duniya ta tsayar ne a 1956.

An tace. Yanzu sai gorar.

Na farko, kowane rediyon SSB yana da mai gadi a ciki, ALC aka rubuta a allonsa. Aikinsa in ya ga tsini zai wuce iyaka, ya ja ƙarfin ƙasa. Mai gadi ne kawai. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi, har da wasu tsofaffin hannu, shi ne su murɗa maɓallin MIC GAIN har ƙarshe, su bar ALC na kokawa da kowace kalma. Suna ganin allurar wat tana tsalle, rai ya yi fari. Alhali shi ALC sai tsinin ya riga ya faru yake farga, farkon kowace gaɓa ya riga ya kutsa ya matse amfilifaya. Sakamakon shi ne murya ta dagule, ta kuma fallatsa hagu da dama ta shiga hirar maƙwabta da ke kilohaz biyar ko goma nesa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Na biyu shi ne matsi, COMP ko PROC a jikin rediyo. Wannan shi ne kwantar da gora. Na'urar tana bin murya, in ta yi ƙarfi ta rage, in ta yi rauni ta ƙara. Tana da amfani, musamman ga mai juya kai yana magana, amma tana da jinkiri. Bayan wasali mai ƙarfi ya sa ta rage, baƙin da ke biye da shi kan iso kafin ta farfaɗo, sai ya wuce a raunane.

Na uku shi ne datsewa, sare kan gorar ɗungurungum, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a ɗakin binciken ji da sauti na Jami'ar Harvard, an sa masana su gano yadda matuƙa za su riƙa jin juna cikin rugugin injin jirgi. Cikinsu akwai J. C. R. Licklider, wanda daga baya sunansa ya shiga tarihin kafuwar intanet. A 1948 shi da Irwin Pollack suka wallafa wani gwaji: suka datse murya datsewar ƙarshe, har ba abin da ya rage sai hawa da sauka masu tsayi ɗaya, babu babba babu ƙarami. Muryar ta yi muni, ba ko shakka. Amma masu sauraro suka ci gaba da tsintar kalmomi, kuma idan an fara rage kauri an ɗaga kaifi kafin a datse, kusan duka suke tsinta. Darasi biyu ke nan a gwaji ɗaya: tsinin murya ba shi ne ma'ana ba, sannan a tace kafin a datse, ba bayan an datse ba.

Sai dai abin da ya yi aiki a waya da AM, da aka kawo shi SSB sai ya ba da kunya. Dalili biyu ne. Idan ka datse sauti mai kaɗawa 400, yana haifar da sababbin sautuka a 1200, 2000, 2800. Duk suna cikin filin magana, babu matatar da za ta cire su ba tare da ta cire maganar ba. Su ne ke sa murya ta yi gwangwani. Dalili na biyu ya fi ban haushi: sautin da aka aske wa kai ya zama shafaffe, da zarar an juya shi zuwa gefe guda sai sababbin tsini su sake tsirowa, a daidai gefunan da aka datse. Ka sare gora, ta fito ta wani wurin.

Maganin da injiniyoyi suka samo yana da kyau ƙwarai. Kada a datse murya tana murya. A bari sai an mayar da ita siginar SSB a cikin rediyo, a ce a megahaz 9, sannan a datse ta a can. Yanzu sautukan banzan da datsewar za ta haifar ba a 1200 ko 2000 za su faɗo ba, can wajen megahaz 27 za su faɗa, nesa ƙwarai, sai a sa matata ta biyu ta share su cikin sauƙi. Ba duka dattin ke tafiya ba, amma mafi muninsa ya tafi. A shekarun 1970 wannan dabara ta yaɗu. Kamfanin Datong na birnin Leeds a Ingila ya yi ta sayar da akwatinta, Yaesu na Japan kuma ya saka ta cikin FT-101E. In an daidaita ta da kyau, tana iya ƙara wa matsakaicin ƙarfi kusan desibel 6.

Kada adadin ya yi muku kaɗan a kunne. Desibel 3 ninki biyu ne, desibel 6 ninki huɗu. Wanda ke son ninki huɗu ta hanyar ƙarfi, sai ya sayi amfilifaya mai wat 400, ya nemo wutar da za ta riƙe ta. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, mutum na dogaro da batir da hasken rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganina duk wanda ya sayi amfilifaya bai gyara makirufonsa ba, ya fara ginin daga rufi.

Saura ɗan ragowar tsinin da matata ta biyu ke mayarwa, domin kowace tacewa tana sa sigina ya ɗan yi tsalle ya wuce iyaka. Wannan ma an yi maganinsa. A ƙarshen 2014 wani injiniya, David Hershberger, mai lambar kira W9GR, ya wallafa wata hanya a mujallar QEX, ya kira ta CESSB. Lissafi ne na kwamfutar da ke cikin rediyo: tana hango inda tsallen zai faru, ta danne wurin daidai gwargwado tun kafin ya faru. Ribar ta kai kusan desibel biyu da rabi a kan abin da ake da shi, ba tare da fallatsa ba. Kamfanin FlexRadio na cikin na farko da suka ɗauka.

To, mu sauko ɗakin mai rediyo, don a nan ake gyarawa, a nan kuma ake ɓatawa. Na'urar da ke ɗaga raunanan baƙaƙe ba ta san baƙi ba, rauni kawai ta sani. Fankar da ke kanka, janaretan maƙwabci, carar zakara, amsa-kuwwar ɗakin siminti, har numfashinka, duk za ta ɗaga su ta cika gurbin da ke tsakanin kalmomi. Kuma wannan gurbin yana da aiki. Kafin t ko k ko ƙ su fashe, akwai ɗan shiru, kunne na amfani da shi wajen gane su. In aka cika shi da hayaniya, allura ta nuna ƙarfi ya ƙaru, fahimta kuwa ta ragu.

Maganinsa ba ya cin ko sisi: ka matso da makirufo. Santimita uku zuwa biyar daga baki, a ɗan karkace don kada iskar p da b ta buge shi. Duk lokacin da ka rage nisa da rabi, muryarka ta fi hayaniyar ɗaki da ƙarin kusan desibel 6, sai ka rage MIC GAIN. Abin lura kawai, wasu makirufon in an matso suna ƙara kauri, sai a rage shi a ikwalaiza. Ka yi magana da muryar hira, kada ka yi ihu. Ihu wasula yake ƙara wa ƙarfi, su kuwa dama sun ƙoshi.

Wajen daidaitawa, ka kashe matsi tukuna. Ka haɗa rediyon da wani abin gwaji mai shanye ƙarfi a madadin eriya, don kada ka dami jama'a da "gwaji, gwaji". Ka ɗaga MIC GAIN a hankali har allurar ALC ta fara motsi a cikin yankin da littafin rediyon ya nuna. Sannan ka kunna matsi, ka tsaya wajen desibel 6, in ka matsa 10. Ka sake duba ALC. Ka ɗauki muryarka da wani rediyon ka saurara, amma ka rage siginar har ta kusa nutsewa cikin hayaniya, don a can ne gyaran ke nuna amfaninsa. Akwai kuma rediyoyin karɓa da aka jona da intanet, kamar na Jami'ar Twente a Holan, inda mutum zai iya jin yadda muryarsa ke sauka a wata nahiya. Wannan ya fi tambayar abokin hira. A al'adar masu rediyon sha'awa ana ba da maki biyu, na fahimta daga 1 zuwa 5, na ƙarfi daga 1 zuwa 9, amma ranar gasa kowa 59 yake ba kowa, sannan ya ce maimaita lambarka sau uku.

Ba kullum ake bukatar duk wannan ba. Idan abokin hirarka na kusa, siginarka ta cika masa rediyo, kashe matsin, ka sassauta matata, ka bar muryarka ta fita yadda Allah ya yi ta. Sa'a guda ta matsattsiyar murya tana gajiyar da kunne. Akwai ma masu faɗaɗa siginarsu zuwa kilohaz 4 ko fiye don ta yi daɗi irin na gidan rediyo. Ban ga laifinsu ba in zangon babu kowa. Amma a mita 40 da yamma, inda kowa ke neman wurin sa ƙafa, wannan cin filin mutum biyu ne.

Sai kuma zafi. Rediyo mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 a bolt 13.8 idan ya kai ƙololuwa. Da can yana taɓa wurin ne jefi-jefi. Da ka ninka matsakaicin ƙarfi, ka ninka aikin taransistocin ƙarshe da na batir. A watan Afrilu, a ɗakin kwano a Sakkwato ko Agadas, wannan na iya zama ajalin rediyo. Ka bar masa sarari ta baya, ka share ƙurar da ta toshe ramukan iska, in fankarsa ta fara gudu ba tsayawa ka rage ƙarfi zuwa wat 70 ko 50. Daga 100 zuwa 50 desibel 3 kacal ka rasa, rabin maki ɗaya a allon mai sauraronka.

Nan za mu dakata. A shiri na gaba za mu hau sama mu duba eriya, da yadda waya mai tsawon mita 20 da aka ɗaure tsakanin itatuwa biyu ke kai murya wata nahiya. A huta lafiya.